Koha, DSpace ko Omeka: wacce ta dace da laburaren ƙungiyarku?

Ƙungiyoyin sa-kai a Bauchi sun tara takardu masu daraja, rahotannin lafiya da noma da ƙasidun taro, amma yawancinsu suna cikin kwali gara tana ci. Idan kun yanke shawarar ɗora su a intanet don masu bincike su amfana, ba sai kun sayi lasisi ba. Akwai manhajoji na kyauta waɗanda kowa ke da damar gyara su. Abin da nake roƙo shi ne kada ku zaɓa don suna. Ku fara buɗe kwalayen ku ga abin da ke ciki.

In littattafai ne da ake aro a mayar, Koha ce taku. A ƙasar Niyu Zilan aka ƙirƙiro ta a 1999, kuma aikinta ke nan: rajistar littafi, katin mai karatu, ranar dawowa. In kuwa rahotanni ne da kundayen bincike, DSpace, wadda jami'ar MIT da kamfanin HP suka fitar a 2002, ita jami'o'i da yawa a Najeriya ke amfani da ita. Sai dai tana da nauyi. Tana buƙatar wasu manhajoji kafin ta yi aiki, wato Java da PostgreSQL da Solr mai kula da nema, kuma ƙaramar sabar haya mai araha (kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet) ba ta ɗaukarta. Omeka, wadda Jami'ar George Mason a Amurka ta fitar a 2008, manhajojin PHP da MySQL sun ishe ta. Ga ƙaramar ƙungiya mai hotuna, muryoyin dattawa da rubutun ajami, ni ita na fi karkata gare ta.

Kowacce kuka ɗauka, ku gwada ta da takardu 20 kafin ku amince. Ga gwajin da na fi damuwa da shi: ku saka takarda mai kalmar "ƙasa" a take, sannan ku nemi "kasa" ta waya. Yawancin mutanenmu ba sa rubuta ƙ da ɗ da ɓ a wayoyinsu, kwamfuta kuma tana ɗaukar ƙ da k haruffa biyu ne daban. In takardar ba ta fito ba, ɗalibin da ya zo nema zai tafi da tunanin babu ita, alhali tana nan. A DSpace ana iya saita Solr ya daidaita haruffan biyu. In ba mai yi muku wannan, ku rubuta kalmomin nema iri biyu, da lanƙwasa da babu. Ajamin da aka ɗauka a hoto kuwa sai an zauna an rubuta take da bayaninsa da boko, bayan an nemi izinin iyalan da suka mallake shi.

Ku kuma buɗe shafin da ƙaramar waya a cikin kasuwar Wunti, ba a ofis mai wayfai ba.

Sai batun mai kula. Ɗan bautar ƙasa zai iya girka muku komai, amma shekara ɗaya zai yi ya tafi. Sunan shafin da kuɗin hayar saba su kasance da sunan ƙungiya, kalmomin sirri a hannun mutum biyu daga cikinku. Ku cike bayanan kowace takarda bisa Dublin Core, tsarin bayyana takardu mai gurabe 15 kamar take da marubuci, wanda Omeka da DSpace duka suka sani, don ƙaura ta zo da sauƙi in kun girma. Kowane mako a kwafi komai a faifai, a ajiye shi a wani gida daban da ofis.