Idan tsohon injin jirgin ruwa ya ƙi kawo wuta

Da gyaran babur da janareta na fara a Jos, sai abinci ya kawo ni Abuja. Yanzu yawancin aikina a bakin tafkin Jabi yake, wajen masu jiragen da ke zagayawa da 'yan shaƙatawa. Injinan da nake taɓawa kusan duk tsofaffin Yamaha Enduro ne, masu ƙarfin doki 15 zuwa 40, waɗanda ake gauraya musu fetur da man 2T. Duk wanda injinsa ya ƙi tashi kuwa, maganarsa ɗaya ce: "Malam, CDI ya ƙone." Sau da yawa CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, lafiyarsa ƙalau.

Daminar bara wani Alhaji ya sa aka kawo masa sabon CDI tun daga Legas, aka ɗaura, yaransa suka yi ta jan igiya har kafaɗa ta sage, inji ko tari bai yi ba. Da na zo na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyar." Waya ɗaya na cire, ja biyu ya tashi. Maɓallin kashe inji ne ruwa ya shiga.

Saboda haka daga nan za ka fara. Ka sa giya a furi, ka duba jar igiyar nan da direba ke ɗaurawa a hannu, ka tabbata ɗan maƙallinta ya zauna daram a ƙarƙashin maɓallin. In babu shi, ko ya sassauta, wuta ba za ta zo ba ko za ka kwana kana ja.

Sai fulogi. Ka kwance shi ka kalli bakinsa, domin shi ne zai gaya maka inda za ka nufa. In ya jiƙe sharaf da fetur, mai yana zuwa, ko dai ya yi yawa ko wuta ce babu. In a bushe yake ƙamas bayan ka ja sau goma, ka bar zancen wuta tukuna, ka matsa robar famfon mai har ta yi tauri, ka buɗe ƙofar iskar da ke kan murfin tanki. In baƙi ne mai danƙo, an cika man 2T. Yawancin waɗannan injinan lita 50 na fetur da lita 1 na mai suke so, amma yara da ido suke zubawa, wai gara ya yi yawa. Ratar bakin fulogi ma a kula: samfurin fulogi NGK B7HS tana son milimita 0.6 zuwa 0.7, wadda aka ƙara wa -10 a ƙarshe kuma kusan milimita 1.

Gwajin wuta: ka mayar da fulogi cikin hularsa, ka manna jikinsa da ƙarfen inji inda babu fenti, nesa da ramin fulogin, ka goge duk fetur ɗin da ya zuba, wani ya ja maka igiya. Ka yi inuwa da hularka, don ranar Abuja ba ta barin a ga tartsatsi. Shuɗiyar wuta mai ƙara ƙas-ƙas ake nema. Ja-ja mai rauni tana iya bayyana a fili amma ta mutu cikin inji saboda matsin iska, shi ya sa na fi yarda da ɗan abin gwajin da ake buɗe ratarsa, wuta mai lafiya za ta tsallake kusan santimita ɗaya. Kada ka ja inji wayar fulogi tana reto ba ta taɓa komai ba. Ta haka ake kashe CDI mai rai.

In babu wuta a duka fulogi biyun, ka nemo wayar kashewa. A Yamaha fara ce, a injinan Johnson da Evinrude baƙa mai layin rawaya. Aikinta ta haɗa wutar da jikin inji idan an danna maɓalli, to in danshi ko tsatsa ya haɗa su da kansa, inji kullum a kashe yake. Cire ta ka sake ja. Amma ka tuna, in ya tashi a haka maɓalli ba zai kashe shi ba, sai ka ja cok ko ka mayar da wayar. Daga nan ka bi baƙaƙen wayoyin da aka ɗaure da noti a jikin inji, ka kwance, ka goge da sanfefa har ƙarfe ya yi haske. Wannan aikin na minti goma ya tayar mini da injinan da ban san adadinsu ba.

In fulogi ɗaya ke da wuta, kuma injin mai kwil biyu ne (kwil shi ne abin da ke ƙara ƙarfin wuta ya tura wa fulogi), ka musanya kwil ɗin biyu. Matsalar ta bi kwil, ka kama ɓarawo. Kwil da ya tsage yana da wata ɗabi'a: da sanyi ya tashi lafiya, a tsakiyar ruwa ya ɗau zafi ya mutu, a jira rabin awa ya sake tashi kamar ba shi ba.

Akwai kuma wadda ke ruɗa ko da tsohon bakanike: wuta shuɗiya, mai yana zuwa, amma inji sai atishawa da fizge igiya daga hannu. Ka tambayi direba ko farfela ta daki dutse ko kututture. Zai ce a'a, ka sake tambaya. Dukan yakan yanke ɗan ƙarfen da ke riƙe fulawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a saman inji, a kan sandarsa, sai fulawil ya gota, wuta ta riƙa zuwa ba a lokacinta ba. Da abin zaro fulawil ake cire shi, ban da guduma, don maganaɗisun ciki yana fashewa. Tun da ka buɗe, in injin tsoho ne sosai mai kontak da kondansa maimakon CDI, ka goge bakin kontak ɗin, a tsofaffin Johnson ratar milimita 0.5 ce.

Kwil ɗin da ke ƙarƙashin fulawil da mitar gwajin lantarki ake auna su, a gwada da adadin da ke littafin wannan injin, kowane samfuri da nasa. Sai duk sun fita lafiya nake zargin CDI, kuma ko a nan aron na wani jirgi nake yi in gwada kafin in ce a saya. In za ka tayar a tudu, ka tsoma ƙafar injin cikin durom na ruwa, robar famfon sanyaya ba ta jure ko minti ɗaya a bushe.