Yadda Ake Tsara Karatun Yara a Gida a Jihar Kebbi

Iyayen da suka ɗauki nauyin karantar da 'ya'yansu a gida su fara da neman manhajar firamare ta hukumar NERDC, wato hukumar tsara manhajojin karatu ta Najeriya, domin a kanta makarantun ƙasar nan suke tafiya, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara. Yaron da ya bi wannan manhaja ba zai sha wahala ba idan lokacin jarrabawar shiga sakandare ya yi.

A ware lokaci tsayayye. A ganina, bayan karatun allo da karin kumallo ya fi dacewa, kafin rana ta take, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi yake gallabar yara. Awa biyu sun wadatar.

Lissafi kuwa, wanda shi ne iyaye da yawa suke jin tsoronsa, ba sai an sayi kaya masu tsada ba. A ɗauko mudu da kwanon shinkafa, a sa yarinya ta auna da hannunta ta faɗi mudu nawa ne suka shiga, sannan a ba ta farashin kasuwa ta lissafa kuɗin, ta rubuta a littafinta da alƙalami. Da haka ninkawa da rabawa suke zama a kai.

Darasin tarihi kuma a kai yara gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, su ga kayan yaƙi da na kamun kifi da idonsu, idan an dawo kowa ya rubuta shafi guda a kan abin da ya gani.