Yadda za ka sa wayarka ta riƙe maka lissafin kasuwa kafin ka ɗauko kaya

Yawancin 'yan kasuwarmu na Garwa da Marwa babbar waya na aljihunsu amma har yau da ka suke lissafi, sai kaya sun kwanta a magaza a fara cewa ai kasuwa ce ta mutu. To ga yadda ake gyara abin.

Da farko ka raba layi. Sayi sim na kasuwa daban ka sauke WhatsApp Business, kyauta ne, tun 2018 yake. Sa sunan butik da unguwa, ka zuba hoton kaya da farashinsu a katalog, kastoman Ngawundere ya duba da kanshi.

Na biyu kuma nan aikin yake, duk cinikin da aka ƙulla da baki a rubuta shi. Mutanenmu akwai son tura murya, ba laifi, amma in kun gama sai ka bi shi da layi ɗaya: albasa buhu 40, kuɗi kaza, mota za ta tashi Laraba, kuɗin dako a kan mai saye. Ka jira abokin cinikin ya rubuto "to Alhaji". Ranar da gardama ta tashi wannan "to" ɗin ne shaidarka, don ba wanda zai zauna sauraren murya ɗari yana neman inda aka faɗi farashi. Akwai lakabi masu launi a cikin WhatsApp Business ɗin, ka ware wanda ya biya, wanda kake bi bashi, da wanda kayanshi ke hanya.

Sai kuɗi. Orange Money ne ko MoMo, ko Airtel Money da Moov in kana Njamena, kar ka saki kaya don an turo maka hoton biya, ana haɗa na ƙarya. Shiga asusunka ka gani da idonka tukunna. Lambar sirri kuwa ko wa ya kira, ko ya ce daga kamfani yake, a'a.

Bayan isha ka buɗe Google Sheets, manhajar teburin lissafi ce, yana aiki ko ba rezo in ka saita shi, ka rubuta me ya shigo, me ya fita, nawa ka saya nawa ka sayar. Ranar kasuwa ka ƙara farashin da mutanenka suka turo daga Yawunde, Duwala da Kusiri. Mai saro kaya a Mubi dole ya sa canjin naira na ranar, don sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957 ne, naira ce ke hawa da sauka, kuma sau da yawa a nan ribar ke zurarewa mutum bai sani ba.

In ka yi wata uku a haka za ka ga kayan da ke tashi cikin sati da wanda ke cin hayar magaza kawai, da kastoman da bashinshi ya fi cinikinshi. Da wannan za ka yanke ko a cika mota ko a ɗauko rabi.

Kar ka manta ka kunna lambar tsaro ta biyu a WhatsApp ɗin, ka kuma sa hirarrakin su riƙa ajiyuwa a Google Drive saboda ɓarayin waya.