Yadda Ake Shuka Rawaya Don Ƙudan Zuma Da Malam-Buɗe-Littafi

Da yawa daga cikinmu mun san rawaya a matsayin launi kawai, ba mu san tsiro ne ya ba launin suna ba. Wanda ya taɓa ratsa daji a ƙarshen hunturu, bayan wuta ta cinye ciyawa, ya gan ta ko bai san sunanta ba: ƙasa baƙi ƙirin da toka, sai ga manyan furanni a kwance dab da ƙasa, babu ganye ko ɗaya, kowanne ya kusa faɗin tafin hannun yaro. Ita ce masana tsirrai ke kira Cochlospermum tinctorium, kuma 'yar gida ce, tana fitowa da kanta tun daga Senegal har Sudan. Daga saiwarta ake samun rini, da ita mata ke gyara launin man kaɗe, masu maganin gargajiya kuma suna jiƙa ta don shawara.

Dalilin da ya sa na fi son a shuka ta don ƙudan zuma shi ne lokacin furenta. Da damina ko'ina abinci ne. Wahalar ƙwari tana zuwa ne da rani, lokacin da gona ta zama fili, kuma daidai lokacin ne rawaya ke buɗewa.

Abu na farko shi ne iri, kuma ba a kasuwa za ka same shi ba. Idan ka ga inda take fure, ka kafa wata alama, ka koma bayan 'yan makonni. Za ka tarar ta yi 'ya'ya masu kama da ƙaramin ƙwai. In sun bushe sukan tsage, wani farin gashi kamar audugar rimi ya leƙo, ƙwayoyin irin suna naɗe a ciki. Ka tsinka da zarar sun fara tsagewa, in ka yi jinkiri iska za ta riga ka. Ka murje gashin, ka shanya irin a inuwa, ka ƙulle a takarda ko tsumma. Kada ka sa a leda, gumi zai ɓata shi. Kuma ka bar wa dajin rabonsa, kar ka kwashe duka.

Akwai masu haƙo saiwa su yanki wani ɓangare su dasa, kuma yana kamawa in an yi da farkon damina. Ni dai ba na so, sai fa idan a gonar da za a share ne ko filin da za a yi gini. Masu haƙar magani sun riga sun rage ta a wurare da dama, bai kamata mu ƙara mata wani nauyin ba.

Sai wuri. Rawaya ba ta son gata. Tana son rana tun safe har yamma, da ƙasa mai tsakuwa ko marmara wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Gefen gona, kan iyaka, bayan katanga inda ba inuwa, duk sun yi. Fadama da bakin magudanar banɗaki ba nata ba ne, saiwar ruɓewa za ta yi. Idan ƙasarka laka ce, ka tara kunya mai tudu ka gauraya da yashi. Taki kaɗan ya isa, na zamani kuwa ka ajiye wa masararka. Ka zaɓi inda garma ba za ta bi ba, domin tsiro ne da zai shekara da shekaru a wuri guda.

Yanzu ga inda na yi asara a karon farko. Na zuba irin haka nan kamar mai shuka gero, na yi ta zuwa dubawa, abin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Ashe ɓawon irin tauri gare shi, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Maganin shi ne ka ɗauki ƙwaya ɗaya-ɗaya ka goga bayanta a kan dutse mai kaushi ko daɓen siminti, har sai baƙin ya ɗan kware ka hango haske. Da ka hango, ka tsaya, in ka zarce ka kashe ta. Sannan ka jiƙa a ruwa ya kwana. Waɗanda suka kumbura da safe su ne suka shirya. Waɗanda suka ƙi, a sake goga musu.

Ka jira ruwa ya zauna, kamar lokacin da ake shukar gyaɗa a yankinku. Ka yi rami mai zurfin gaɓar yatsa ɗaya, ƙwaya biyu ko uku a kowanne, tazarar taku guda tsakanin ramuka. Shuka kai tsaye ta fi, saboda saiwar ƙasa take nufa tun tana ƙarama. Idan dole sai ka yi reno, ledar fiya wata da aka huda gindinta za ta yi, amma ka dasa da wuri kafin saiwar ta naɗe a ciki.

Daga nan aikin ba yawa: cire ciyawa da hannu a kewayenta, da shingen ƙaya saboda awaki. Ka kafa turke a gindin kowace, don in rani ya yi za ta zubar da ganye, reshen ya bushe, ka ɗauka ta mutu. Ba ta mutu ba, ƙarfinta ne ya koma ƙasa. Kada tausayi ya sa ka riƙa kwarara mata ruwa. Kada kuma ka sa ran fure a shekarar farko, lokacin tana gina saiwa ne. Bayan kaka ka yanke busassun rassan dab da ƙasa ka share wurin. Ba sai ka cinna wuta don kwaikwayon daji ba, wutar za ta ƙone ƙwarin da kake neman taimakawa.

Idan ta buɗe, ka je da hantsi ka tsuguna. Babban baƙonta shi ne baƙin ƙwaron nan mai ƙugi da ke huda azara. Zai rungume tsakiyar furen ya yi ta karkarwa, garin fure ya zubo masa a ciki, ya tashi kamar an barbaɗa masa kurkum. Haka furen yake, sai an girgiza shi yake sakin garinsa. Ƙudan zuma da galla kuma su bi baya suna tsintar abin da ya zube. Wannan garin shi ne abincin da suke renon 'ya'yansu da shi a cikin amya.

Malam-buɗe-littafi kuwa ruwan fure yake sha, kuma rawaya ba ta wadata shi da wannan. Don haka ka haɗa mata da abokan zama. Ka bar tafasa da rai-ɗore kaɗan a gefe, don a ganyensu wani farin malam-buɗe-littafi mai ɗan kore-kore ke yin ƙwai, tsutsar ta ci ta girma. In ka ga ganyen ya huhhuje, kar ka ɗauko feshi. Maganin ƙwari da na kashe ciyawa duk a nisanta su da wurin, in kuma dole ne a yi wa waken da ke kusa feshi, a bari sai rana ta faɗi. Ka ajiye kasko da ruwa kaɗan da tsakuwa a ciki don ƙudan zuma su samu matsaya, a gefensa kuma ka jiƙa yashi, nan malam-buɗe-littafi ke sauka ya tsotsa.

Sai ka gaya wa mutanen gida da maƙwabta cewa shuka ta ka yi. Na taɓa zuwa da safe na tarar da rami a gurbin gindin da ya fi kowanne girma. Wata dattijuwa ce jikanta ke fama da shawara, ta ga rawaya a bakin gona, ta ɗauka ta Allah ce. Ban iya ce mata komai ba sai "Allah ya ba shi lafiya, Iya." Tun daga ranar nake shuka layi biyu, ɗaya a cikin shinge, ɗaya a waje.