Yadda na gyara giyar injin jirgina na ruwa a tafkin Lagdo da ke Kamaru

Bayan sauya robar famfon ruwa a injina Yamaha Enduro 40, giyar gaba tana shiga, amma ribas ya ƙi. Na zargi man giya, sai na same shi tas, farfela ma lafiya. Ashe wajen mayar da ƙafar injin (ɓangaren ƙasa mai farfela, wanda aka kwance don sauya robar) ne aka haɗa sandar giya a karkace. Na cire hular fulogi don kada injin ya tashi, na sassauta ƙaramin notin da ke kulle mahaɗar sandar, na sa hannun giya a firi, na daidaita dogon notin mahaɗar har farfela ta juya hagu da dama ba ta kama ba, sannan na kulle shi. Wajen gwaji sai ana juya farfela da hannu, kada a tilasta giya. Alhamdu lillahi, a kan ruwa gaba da ribas duk sun shiga.