Yadda za ka karanta littafin soyayya ba tare da ɓoye shi ƙarƙashin matashi ba

Da farko cire wa kanka tunanin cewa akwai karatun manya da karatun marasa aikin yi. Ruwan Bagaja da ake ɗora wa ɗalibai a jarrabawa, daga gasar rubutun 1933 ya fito, wadda wani Bature mai suna Rupert East ya shirya a Zariya, aka buga shi a 1934 tare da Ganɗoki da Shaihu Umar. Me ke cikinsa? Yawon duniya da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, abin dariya tun daga farko. Littattafan da suka cika Kano daga shekarun 1980, waɗanda aka laƙaba wa sunan Adabin Kasuwar Kano don raini, yau a jami'o'i ake rubuta kundin digiri a kansu. Saboda haka batun ba na kunya ba ne, na tsari ne.

Ka raba lokacinka gida biyu, gwargwadon ƙarfin kanka. Littafi mai nauyi, wanda marubucin ya yi wa harshe ado kuma yake son ka tsaya ka yi tunani, a ba shi lokacin da ƙwaƙwalwa take sabuwa: bayan Asuba ko da hantsin ranar hutu, shafi 10 zuwa 15, da biro a hannu. Na soyayya ko na kishiyoyi kuwa nasa lokacin bayan gajiya ne, a mota, a layin asibiti, ko bayan Isha'i. Yawancin masu cewa littafin adabi ya gundure su, da dare suka buɗe shi bayan sun wuni suna fama, barci ya ɗauke su a shafi na biyu, suka ɗora laifin a kan littafin.

Wajen zaɓen mai sauƙin, gwada shi da babi uku. A cikinsu duba abu uku. Shin mutanen labarin suna magana irin ta mutane, ko kowa wa'azi yake yi? Shin akwai abin da jarumar take so wanda wani abu ya tare mata, ko dai an cika shafuka da lissafin motoci da leshi da kwatancen dogon hanci? Sannan rubutun: marubucin ya san bambancin "ƙasa" da "kasa", ya raba kalmomi a rubutu, irin su "ya ce" da "ta zo", yadda ya kamata? Idan biyu cikin ukun sun faɗi, ajiye shi. Ba bashi ka ci ba. Wannan gwajin shi ne kuma zai nuna maka cewa a cikin littattafan da ake rainawa akwai masu ɗaukar magana mai nauyi. Balaraba Ramat Yakubu, alal misali, da wannan salon ta yi rubutu kan auren dole da hana 'ya mace karatu da mijin da ya wofintar da iyalinsa.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne a waya. Littafin takarda yana da bango na ƙarshe, na WhatsApp da manhajar labarai ta Wattpad kuwa kashi-kashi ake sakinsa, kuma da gangan ake yanke kowane kashi a daidai inda ranka zai biya. Haka mutum zai ce bari in ƙara ɗaya, sai ya ji kiran assalatu. Maganinsa: ƙayyade adadin kashin tun kafin ka buɗe, biyu ko uku, ka tsaya a tsakiyar kashi inda labarin ya lafa, ba a ƙarshensa ba. Sauke abin da za ka karanta, ka kashe data, don kada saƙonnin guruf su ja ka. Kada ka bi labari fiye da biyu da ba a kammala ba a lokaci guda, sunayen jarumai za su cakuɗe maka. Idan na kuɗi ne, tambayi ko an gama rubuta shi kafin ka biya, domin ana barin labari a rataye. Kuma ka biya marubuciyar kai tsaye. Wanda ake turawa a ɓoye daga guruf zuwa guruf haƙƙin wata ne.

Akwai masu cusa batsa don jawo masu saye. Wannan ba sauƙin labari ba ne, wani abu ne daban, kuma yawanci tallar littafin ma tana tona shi. Wayar da yara ke ɗauka, kada a bar irinsa a ciki.

Ga wanda ya saba da mai sauƙi yake son ya taɓa mai nauyi, kada ya fara da mafi kauri. Magana Jari Ce ta fi dacewa da shiga, tunda labarai ne gajeru da aku ke bayarwa, ana iya cinye ɗaya a zama guda. Daga nan Shaihu Umar, gajere ne amma batun bauta da rabuwar uwa da ɗa yake ɗauke da shi, ba a gaggauta shi. Bayan kowane littafin soyayya biyu ko uku, saka irin waɗannan guda ɗaya. Kalmar da ta shige maka duhu, ja mata layi ka wuce, ka tambayi wani dattijo daga baya. Tsayawa a kan kowace kalma shi ke kashe zaren labari.

In wani ya gan ka da littafin ya taɓe baki, ba sai ka kare kanka ba. Miƙa masa babi na farko, ka ce ya dawo maka da shi gobe.