Kurakuran da ke sa waya ta riƙa kawo maka abin da ba ka nema ba

Wallahi da yawa cikin masu zuwa shagona nan bayan babbar kasuwa ba lalacewa wayarsu ta yi ba. Sikirin lafiya, batir lafiya, caji na shiga. Kukansu dai waya ta canza hali. Satin da ya wuce wani dattijo mai sayar da albasa, abokin mahaifina ne, ya aje min wayarshi kan tebur ranshi a ɓace ya ce, "Ɗana duba min wagga aba, ni karatun malamai nike saurare, yanzu da na buɗe sai 'yan rawa, gaban jikokina." Na ce Baba zauna mu gani. Ko noti ɗaya ban kwance ba, tarihin kallo kawai na buɗe a YouTube sai ga su nan jere, daga bayan isha'i har wajen ƙarfe ɗaya na dare. Yaran gida ne ke ɗaukar wayar in ya kwanta.

Wanga shi ne kuskuren da na fi gani, gida guda akawun guda. Ita na'ura ba ta san hannu ya canza ba, a wurinta mutum ɗaya ne ke jin tafsiri da safe ya kalli rawa da dare, sai ta haɗa mashi duka. Abin da munka yi kaɗan ne, munka goge tarihin kallo da na bincike, munka sa lambar sirri, yaran kuma na ce a buɗe musu nasu akawun ko a sa musu YouTube Kids, wato YouTube na yara. In kuma dole sai an ari wayarka to ka dakatar da ajiye tarihi kafin ka miƙa.

Bari in ɗan koma baya don a gane tushen abin. Aiki biyu intanet ke yi lokaci guda. Na farko tana ƙoƙarin gane abubuwa da alaƙarsu. Tim Berners-Lee, mutumin Ingila da ya ƙirƙiro yanar gizo a 1989, shi da abokan aikinshi biyu sunka yi rubutu a mujallar Scientific American a 2001 kan yanar da kwamfuta za ta fahimci ma'anar abin da ke ciki, ba ta tsaya ga haɗa haruffa kawai ba. Dabarar ita ce a rubuta kowane bayani gaɓa uku, abu, alaƙa, da wani abu. Misali Wurno ƙaramar hukuma ce a jihar Sakkwato, Sakkwato jiha ce a Najeriya, to ko ba wanda ya rubuta cewa Wurno a Najeriya take na'ura za ta iya cirowa da kanta. A Wikidata, rumbun irin waɗannan bayanai a intanet wadda anka buɗe a 2012, kowane abu har lamba gare shi, Najeriya ita ce Q1033 ko da wane harshe ka kira ta. A shekarar ne ma Google ya fito da nashi rumbun irin wanga, shi ne akwatin bayanin nan da ke fito maka in ka nemi sunan gari ko na wani sananne. Aiki na biyu kuma, kai take karanta, mi ka danna, mi ka tsaya ka kalla, daga ina kake. Tun ƙarshen 2009 Google ya fara tace sakamakon bincike gwargwadon mai nema, ko bai shiga akawun ba. Kusan duk kurakuranmu ɗayan biyun nan ne, ko mu rikita ta kan abin da muke nufi, ko mu koya mata wani mutum da ba mu ba.

Wanda ya fi ci min rai shi ne kallo don zagi. Mutum zai ga bidiyon wani da ya zagi malaminshi ko ɗan siyasarshi, ranshi ya ɓaci, ya kalla har ƙarshe, ya maimaita don ya tabbatar da abin da ya ji, ya shiga ƙasa ya rubuta Allah ya isa, ya tura wa guruf uku ya ce ku zo ku ga wanga mara kunya. To ɗan'uwa abu huɗu ka yi kuma duk huɗun a lissafin na'ura alamun sha'awa ne. Ba ta ga fuskarka ba, mintocin da ka ɓata ta ƙirga. Gobe ta kawo maka irinshi biyar, jibi goma, cikin wata ɗaya ka fara jin kamar duk duniya zagin malaminka ake, alhali kai ka shuka da hannunka, shi kuma mai zagin ka ƙara mashi kasuwa. Na san abokai biyu a Mabera da sunka daina gaisawa kan irin wanga, tare sunka tashi, makarantar allo ɗaya, kowa wayarshi na ƙara mashi wuta ta ɓangarenshi. Abin na damuna ƙwarai. Gyaran yana da wuya don haƙuri yake so, ka wuce da sauri kar ka tsaya, kar ka yi sharhi. In ya dame ka danna ɗigo ukun nan na gefen bidiyon a YouTube ka zaɓi Not interested, wato ba ka so, a TikTok kuma ka danne bidiyon ka riƙe zaɓin zai fito. In ɓatanci ne na gaske ka kai rahoto sannan ka toshe shafin. Kuma kar ka tsaya nan, ka je da kanka ka nemo abin da kake so ka kalla har ƙarshe, kwana kaɗan za ka ga bambanci.

Da wanga ke tafiya wani kuskuren, ɗaukar abin da ke wayarka a matsayin abin da gari ke ciki. "Kowa na maganar" yanzu ma'anarta sau da yawa mutum talatin da Facebook ya zaɓo maka. Wani Ba'amurke Eli Pariser ya ja hankali kan haka tun 2011, cewa tacewar nan na rufe mutum cikin ƙwanson kanshi. Gwaji mai sauƙi, a majalisa ku uku ku buɗe manhaja ɗaya lokaci ɗaya ku jera wayoyin kan tabarma. Ka bi shafuka biyu ko uku na mutanen da ba ra'ayinku ɗaya ba amma masu mutunci, ka kuma riƙa jin rediyo.

Sai bincike. Mu Hausawa muna rubuta wa Google kalma ɗaya mu jira ya karanci zuciyarmu. Wata ɗalibar Jami'ar Ɗanfodiyo ta zo buga aikinta tana mita wai ta nemi hotunan sokoto an haɗa mata har da wanduna. Na ce ƙanwata ai da Yarbanci sokoto wando ne, na'ura ba ta san wanne kike nufi ba. Haka Shagari, gari ne, ƙaramar hukuma ce, kuma sunan shugaban ƙasa ne daga 1979 zuwa 1983. Bello kuwa sai ka faɗi wanne, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu, ko Sardauna Ahmadu Bello, ko jami'ar Zariya. Ka rubuta kara kana nufin kasuwar Kara, ita ta ga karan dawa, ta ga ƙara, ta ga wani gari a Togo mai wanga suna. Maganin shi ne ka ba abin jinsinshi da wurinshi, kasuwar Kara Sokoto farashin raguna, garin Shagari jihar Sokoto. Kalma biyu ko uku da ka ƙara su ne ke nuna mata wane abu ne cikin rumbunta.

Ga kuma matsalar rubutunmu. Sakkwato, Sokoto, Sakwato, duk muna rubutawa. Ƙasa da kasa, ɗaki da daki, ɓata da bata. Na'ura ta fi ƙarfi a Turanci don shi anka fi ciyar da ita, Hausa sai a 2013 ma ta shiga Google Translate. Don haka in ka nema da Sakkwato ba ka samu ba sake da Sokoto, in ka sa ƙugiya bai fito ba cire ta ka gwada. Amma in kai ne mai rubutawa don wasu su karanta, don Allah sa kibod na Hausa ka riƙa sa ƙugiyar nan, Gboard na da shi kyauta. Sakkwatanci kuwa, hwara da tahiya, ka bar su ga hira, a akwatin bincike rubuta fara da tafiya.

Akwatin amsa da ke fitowa sama shi ma kar a ɗauke shi kamar hatimin alƙali. Daga wasu shafuka yake kwasowa, Wikipedia da makamantanta, in can anka yi kuskure nan ma kuskure ne. An ƙirƙiri jihar Sakkwato a 1976, anka cire Kebbi a 1991, Zamfara a 1996, to tsohon rubutu na iya ce maka Gusau ko Argungu a jihar Sakkwato suke, kuma lokacin da anka rubuta gaskiya ne. Duba shekarar rubutu, duba daga ina ya fito. In ka ga kuskure kan garinku a Wikipedia ta Hausa ko Wikidata kana iya gyarawa da kanka in kana da hujja, ba kuɗi ake biya ba, kuma ina ganin aikin ɗalibanmu ne wanga, don in ba mu rubuta Kware da Gwadabawa da Goronyo daidai ba wani can da bai taɓa zuwa ba zai rubuta.

'Yan kasuwa, naku daban ne kuma asarar kuɗi ce kai tsaye. Hajiya mai sayar da atamfa da leshi a Arkilla za ta ɗora hoto goma, a ƙasa ta rubuta "sabbin kaya sun iso" shi ke nan. Farashi na cikin sakon murya, adireshi na cikin kanta. Mai neman leshi a Sakkwato ta yaya zai faɗo kanta? Mai takalman fata da jakunkuna shi ma haka, ga aiki mai kyau na jar fatar akuyarmu da duniya ta sani, amma suna yau Alheri Leda, gobe a wani shafi Alkhairi Shoes, lambar waya uku mabambanta, na'ura sai ta ɗauka shaguna uku ne ko ta kasa tabbatar da ko ɗaya. Ka tsayar da suna ɗaya, lamba ɗaya, adireshi ɗaya a ko'ina. Ƙarƙashin kowane hoto ka rubuta da haruffa mi ne ne, kala, farashi, unguwa. Ka yi rajistar shagon a Google Maps, ka zaɓi jinsin sana'a daidai, ka sa lokacin buɗewa da rufewa har da na Juma'a, kuma ka tsaya cikin shagon lokacin da kake dasa alamar shagon a taswira, don na ga wanda ya dasa tashi yana gida a Runjin Sambo kwastomomi sunka yi ta zuwa ƙofar gidanshi. In kana da shafinka na intanet ka tambayi wanda ya gina maka ko ya sa alamomin schema.org, tsari ne da Google da Microsoft da Yahoo sunka fito da shi a 2011 don shafi ya iya gaya wa na'ura wanga farashi ne, wanga adireshi ne.

Masu barin VPN a kunne kuma, manhajar nan da ke sa a ɗauka daga wata ƙasa kake, in tallan Jamus ko Holan ya cika muku waya ku kashe shi kawai.

Na ƙarshe da ake yawan tambayata, "waya na saurarena ne?" Shugaban Facebook ya musanta cewa manhajarsu na yin haka gaban majalisar dattawan Amurka a 2018. Ni abin da nake ce wa mutane, kar ka tsaya gardama, shiga saitin waya wajen izini ka ga wace manhaja ke da damar makirfo da wurin da kake da lambobin mutanenka, ka cire wa duk wadda ba ta buƙata, tocila ba ruwanta da lambar surukarka. Shafin ɓoye na burauza kuma tarihi ne kawai ba ya ajewa a wayar, bai ɓoye ka ga kamfanin layi ko shafin da ka shiga ba. Najeriya na da dokar kare bayanan mutane tun 2023, da hukumar da ke kula da ita, kuma dokar ta ba ka damar tambayar kamfani mi ya tara a kanka har ka nemi a goge. Amma kafin nan buɗe My Activity, shafin tarihin abin da ka yi, a akawun ɗinka na Google ka karanta da idonka, akwai wajen da za ka sa ya riƙa gogewa da kanshi duk bayan wata 3.